Yanka da Ciko: Yadda Kwamfuta Ta Koyi Baje Ƙasa

Duk titin da mota ta bi, duk filin jirgin sama, duk rukunin gidajen da aka yanka aka gina, akwai wani aiki da ya riga su wanda ba ya fitowa a hoton ranar buɗewa. Kafin a zuba kwalta ko a haƙa harsashi, sai an sauya fuskar ƙasar ita kanta: a yanke tudu, a cike kwari, a ba wurin gangaren da ruwan sama zai bi ya fita. Injiniyoyi suna kiran ɓangarorin biyu yanka da ciko, kuma a hanyoyin da suka ratsa tuddai wannan aiki yakan kasance cikin waɗanda suka fi cin kuɗi a takardar kwangila. Tambayoyinsa kaɗan ne, ba su kuma sauya ba tun zamanin kwando da jaki: ƙasa nawa za a ɗebe, daga ina, zuwa ina, idan an gama kuma ina ruwa zai nufa?

A yau da manhaja ake amsa su. Matashin injiniya a Kaduna ko Yamai yana buɗe Civil 3D ko Covadis, ya ja layi, cikin daƙiƙoƙi allo ya nuna masa launi ɗaya inda za a yanke, wani launin inda za a cike, ga jimillar kubik mita a gefe. Mai kallo zai ce ribar kwamfuta a nan ita ce sauri. A ganina abin da ta karyar da farashinsa shi ne sake shawara. Kusan ƙarni biyu injiniya yana iya lissafa yanka da ciko daidai gwargwado, amma ba shi da halin lissafa shi sau goma domin ya zaɓi mafi kyau. Kwamfuta ta ba shi wannan dama, ta kuma karɓi ladanta ta wata hanya, domin ta kwashe kuskure daga wuraren da idanu da yawa suke ganinsa ta kai shi inda mutum ɗaya ko biyu kaɗai suke leƙawa.

## Tulin ƙasa da rami

Gaspard Monge, Bafaranshen da aka haifa a 1746, ya soma aiki a matsayin mai zane a makarantar injiniyoyin soja da ke Mézières. A wancan zamani aikin ƙasa shi ne rabin sana'ar injiniyan soja, tunda ganuwa da ramin da ke gabanta su ne tsaron gari. An ba matashin aikin lissafa tsayin da ganuwa za ta kai domin ta kare na ciki daga igwar da abokan gaba za su girke a kan tuddan kewaye, lissafin da aka saba kwashe lokaci mai tsawo ana yi. Shi kuwa ya warware shi ta hanyar zane cikin ɗan lokaci, har shugabanninsa suka yi shakka da farko. Da suka tabbatar amsar daidai ce, sai suka mayar da dabarar sirrin soja. Daga nan ne ilimin zana abu mai tsawo da faɗi da tsayi a kan shimfiɗaɗɗiyar takarda ya samu ƙa'idojinsa.

A maƙalarsa ta 1781 a kan yanka da ciko, Monge ya tsara matsalar a siffar da har yau ba a sami wadda ta fi ta ba. A ce ga tulin ƙasa, ga kuma rami mai girma daidai da shi. Kuɗin ɗaukar kowace ƙwaya shi ne nauyinta sau nisan da za ta yi. Wace ƙwaya za a kai wane gurbi domin jimillar kuɗin ta zama mafi ƙanƙanta? Ya gano wasu abubuwa, misali cewa hanyoyin ƙwaya biyu ba za su gitta juna ba a tsari mafi arha, domin idan sun gitta, musanya masaukinsu zai rage tafiya. Cikakkiyar amsa kuwa ta fi ƙarfin lissafin zamaninsa, sai ta zauna jira fiye da shekara 150.

Kafin a yi maganar jigila ma, sai an san siffar ƙasar. A 1774 masanin taurari Nevil Maskelyne ya tare a jikin dutsen Schiehallion a Sikotland, yana auna yadda nauyin dutsen yake karkatar da igiya mai dalma a ƙarshe, da nufin gano nauyin duniya baki ɗaya. Gwajin yana buƙatar sanin girman dutsen, don haka aka auna tsayin wurare masu yawan gaske a jikinsa, aka miƙa lambobin ga masanin lissafi Charles Hutton. Da ya ga takarda ta cika da lambobi ba tsari, sai ya riƙa haɗa wuraren da tsayinsu ɗaya da layi, nan take siffar dutsen ta fito. Rahotonsa ya fito a 1778. Mutanen Holan sun riga shi yin irin wannan da zurfin kogi, amma aikin Hutton yana cikin na farko da suka yi shi a kan tudu. Waɗannan layukan daidai-tsayi su ne harshen da ake zana baje ƙasa da shi har gobe: inda suka matsu da juna gangare ne mai tsanani, inda suka ware fili ne, ruwa kuma kullum yana tsallaka su a miƙe zuwa ƙasa.

## Ɗakin zane

Gina layin dogo a ƙarni na 19 shi ya mayar da wannan lissafi sana'ar yau da kullum. Ga yadda ake yi, kuma haka aka ci gaba da yi har tsakiyar ƙarni na 20. Masu safiyo za su kafa tsakiyar hanyar da turaku, sannan a kowane taƙi, a ce mita 25, su auna tsayin ƙasa a gicciye, dama da hagu. A ofis mai zane zai zana kowane yankin gicciye a takarda mai gidaje, ya ɗora siffar hanyar da ake so a kansa, ya auna faɗin abin da ke tsakanin ƙasar Allah da ƙasar da aka zana. Idan yanki ɗaya ya ba da murabba'in mita 12 na yanka, na gabansa ya ba da 20, sai a ɗauki tsaka-tsakinsu, wato 16, a ninka da 25: kubik mita 400. A matsa gaba. Hanya mai kilomita 50 tana da irin waɗannan yankuna 2,000.

An yi ta ƙirƙiro kayan rage wahalar. A 1854 Jakob Amsler na ƙasar Suwizalan ya ƙera wata ƙaramar na'ura mai hannu biyu da ɗan gargare, wadda idan aka bi gefen kowace siffa da tsininta za ta faɗi faɗin siffar. Ta zauna a kan teburin injiniyoyi fiye da shekara ɗari. A shekarun 1840 kuma aka samu zanen tara ƙasa, wanda Jamusawa da Italiyawa suke jingina wa injiniya Bruckner na Bavaria, waɗanda suka yi karatu a tsarin Faransa kuma suka san ɗan'uwansa da sunan Léon Lalanne. Dabarar tana da daɗi. Ana bin hanyar daga farko ana tara yanka a matsayin riba, ciko a matsayin bashi, ana zana jimillar a layi ɗaya. Inda layin yake hawa, yanka ake yi, inda yake sauka, ciko ake yi. Idan aka ja miƙaƙƙen layi a kwance ya taɓa shi wuri biyu, to tsakanin wuraren nan biyu yanka da ciko sun biya juna. Da kallo ɗaya injiniya zai ga inda ƙasa za ta nufa, da kuma inda nisa ya yi yawa har ya fi arha a zubar da rarar a buɗe ramin aro kusa da wurin ciko. (Wanda ya tashi a tsohon birni ya san ramin aro tun kafin ya ji sunansa a aji, domin kududdufi ke nan: gidajen unguwa daga cikinsa suka fito, ruwan damina kuma cikinsa yake komawa.)

Wannan zane amsa ce ga tambayar Monge, amma a kan layi ɗaya kawai. Babbar matsalar kuwa tana wani wuri. A ce an gama yankuna 2,000 ɗin nan, sai babban injiniya ya duba ya ga da an ɗaga hanyar da rabin mita a wani yanki da an rage yankan dutse. Wannan ɗan gyara yana nufin sake zana ɗaruruwan yankuna da sake auna su. Idan kuwa cewa ya yi a matsar da hanyar mita 30 gabas, to masu safiyo ne za su sake ɗaukar kayansu su koma daji, domin duk awon da aka yi a jikin tsohon layin yake rataye. Shi ya sa akasari ake gwada layi ɗaya ko biyu a tsaya. Hanyoyi da yawa na wancan zamani suna inda suke ne domin nan lokaci da haƙurin ɗakin zane suka ƙare.

Akwai kuma abin da lissafin siffa bai sani ba ko kaɗan, wato halin ƙasa. Mashigin Culebra a Mashigin Ruwan Panama shi ne darasin da aka fi tunawa. Faransawa sun soma yanka shi a farkon shekarun 1880, Amurkawa suka karɓa a 1904. An zana gefunan ramin da tsananin gangaren da aka ɗauka ƙasar za ta jure, ita kuwa ta ƙi. A Oktoban 1907 gefen Cucaracha ya zame ya binne layukan dogo da injinan haƙa, zamewa kuma ta ci gaba shekara bayan shekara, har faɗin bakin ramin ya kai kusan ninki uku na abin da aka tsara. An buɗe mashigin a Agustan 1914, a 1915 wata zamewar ta sake rufe shi wajen wata bakwai. Ilimin da zai bayyana dalili ya zo daga baya: littafin Karl Terzaghi na 1925 a kan halayyar ƙasa, da gwajin daddanne ƙasa da Ralph Proctor ya fitar a Los Angeles a 1933. Daga nan aka daidaita abin da duk direban tifa ya sani a aikace, cewa kubik mita ɗaya na ƙasa a mazauninta yakan kumbura ya kai kusan 1.25 a cikin mota, idan rola ta danne shi kuma ya koma wajen 0.9. Har yau mutum ne yake rubuta wa manhaja waɗannan lambobi da tsananin gangaren gefe, ita dai karɓa take yi.

## 1956 da abin da ya biyo baya

A ranar 29 ga Yunin 1956 Shugaba Eisenhower na Amurka ya sa hannu a dokar gina manyan hanyoyin da za su haɗa jihohi, mil 41,000, wato kusan kilomita 66,000. Ma'aikatun hanyoyi na jihohi suka duba suka ga ba su da injiniyoyi da masu zanen da za su ɗauki wannan kaya ta tsohuwar hanya. Wannan ƙaranci ne ya sa aikin ƙasa ya zama ɗaya daga cikin ayyukan farko da kwamfuta ta samu a wajen soja da jami'a. Na'urori irin su IBM 650, wadda ma'ajiyarta ganga ce mai juyawa da ke riƙe lambobi 2,000 kacal, da Bendix G-15 ta Harry Huskey, wanda ya taɓa aiki tare da Alan Turing a Ingila, suka shiga ofisoshin hanyoyi suna lissafa yanka da ciko daga katunan da aka huhhuda ko zaren takarda.

Da farko tsohon lissafin kawai suke maimaitawa da sauri. Sauyin gaske ya fito daga jami'ar MIT. Charles Miller yana shugabantar ɗakin binciken awo daga hotunan sama, fasahar da ake ɗaukar wuri ɗaya hoto biyu daga jirgi ta kusurwa daban-daban, a saka su a na'ura, ma'aikaci ya ga tuddai sun taso kamar yadda ido biyu suke ba mutum zurfin abu, ya karanta tsayin kowane wuri ba tare da ya taka shi ba. A 1958 Miller da abokin aikinsa Laflamme suka buga maƙalar da ta raɗa wa abin suna, samfurin ƙasa na lambobi. Ma'anarsa ita ce a wakilci fuskar ƙasa da ɗigogi masu yawa, kowanne da lambobi uku: gabas, arewa, tsayi. A adana su sau ɗaya na faffaɗan zirin ƙasa, sannan a jarraba layin hanya duk yadda aka ga dama a kansu.

A nan ne aka raba ƙasa da zane, kuma a ganina wannan shi ne mataki mafi girma a duk tarihin, ya fi duk wani kyakkyawan allo da ya zo bayansa. Matsar da hanya mita 30 ya tashi daga aikin makonni a daji ya koma sauya kati kaɗan.

Miller ya ƙara da wani abu a farkon shekarun 1960, manhajar COGO. Kafin ita, injiniya sai ya nemi mai rubuta shirin kwamfuta ya yi masa tafinta. COGO ta bar shi ya rubuta umarni da kalmomin sana'arsa: ajiye wannan ɗigo, tashi daga nan da kusurwa kaza ka yi nisa kaza, nemo mahaɗar waɗannan layuka biyu. Ta bazu ƙwarai, ta kuma zama ɓangare na babban tsarin ICES da MIT ta fitar a 1967, wanda yake da reshe na musamman domin zanen hanya. Sunan bai mutu ba, domin ɗigogin safiyo a Civil 3D har yau sunan COGO suke ɗauke da shi.

## Raga da zare

Sauran tambayar ita ce yadda za a cike tsakanin ɗigogi. Hanya mafi sauƙi ga kwamfuta ita ce a shimfiɗa gidaje masu girma ɗaya kamar na dara a ba kowanne tsayi. Sai dai ƙasa ba haka take ba. Fili mai faɗin kilomita yana iya wadatuwa da ɗigo huɗu, gaɓar rafi mai faɗin mita biyu kuma ta faɗa tsakanin gidaje ta ɓace. A shekarun 1970 Thomas Peucker da abokan aikinsa a jami'ar Simon Fraser ta Kanada suka yaɗa wata hanyar: a zuba ɗigogi da yawa inda ƙasa take da labari, kaɗan inda ba ta da shi, a haɗa su uku-uku su zama ragar alwatika. Ƙa'idar haɗawar da aka fi amfani da ita ta masanin lissafin Rasha ce, Boris Delaunay, daga 1934: da'irar da ta bi ta kan kusurwoyi uku na kowace alwatika kada ta ƙunshi wani ɗigo a cikinta. Wannan yana rage siraran alwatika masu ba da tsayin ƙarya.

Amma ƙa'idar Delaunay ba ta san rafi ba. Tana iya haɗa ɗigo a wannan gaɓa da ɗigo a waccan gaɓa, ta shimfiɗa ƙasar da babu ita a kan ruwa, kamar ta gina datsi. Maganin shi ne layin karya, wanda mutum yake ja a bisa gindin rafi ko doron tudu ko bakin titi, ya hana kowace alwatika tsallaka shi. Wanda ya san wurin ne kaɗai zai san inda za a ja.

Ingila ta bi ta wata ƙofa. A farkon shekarun 1970 injiniyoyin ƙananan hukumomi uku, Durham da Northamptonshire da West Sussex, suka haɗa kai suka rubuta MOSS, wadda take ɗaukar komai a matsayin zare mai tafiya a sarari: bakin titi zare, gindin lambatu zare, ƙafar ciko zare. Wannan ya dace da mahaɗar hanyoyi da shataletale, wuraren da yankin gicciye yake rikicewa domin babu tsakiya ɗaya da za a rataya shi. Abin lura ne cewa ma'aikatan gwamnati ne suka rubuta ta domin aikin gabansu. Ta zama haja daga baya, aka sauya mata suna zuwa MX, kamfanin Bentley ya saye ta a 2003.

Zamanin kwamfutar tebur ba ya buƙatar dogon bayani. AutoCAD ta fito a ƙarshen 1982, ƙananan kamfanoni suka riƙa ɗora mata kayan safiyo da na aikin ƙasa, Autodesk ta saye mafi girmansu, Softdesk, a 1997, daga nan aka samu Land Desktop. Bentley kuma ta tattara InRoads da GEOPAK da MX, daga baya ta narkar da su cikin OpenRoads. Abin da Civil 3D ta kawo a tsakiyar shekarun 2000 shi ne ɗaure komai da komai. A Land Desktop, idan ka gyara layin hanya, sai ka bi da kanka ka sake fitar da tsayin hanyar, da yankunan gicciye, da jimillar ƙasa, wanda ya manta mataki ɗaya kuma zai miƙa zanen da shafukansa suke ƙaryata juna. A sabon tsarin, jan ɗigo ɗaya yana motsa gangaren gefe, da layin da gangaren yake haɗuwa da ƙasar asali, da lambobin da ke cikin jadawali, duka a tare.

## Daga allo zuwa bakin gireda

Tun zamanin layin dogo, turke ne yake kai zane fili. Mai safiyo yana kafa shi ya rubuta a jikinsa nawa za a yanke ko a cike, direban gireda yana karantawa, wani yana bin bayansa da igiya da ma'auni. A shekarun 1960 aka soma amfani da hasken lesa mai juyawa, wanda yake shimfiɗa faifan haske a sararin fili, na'urar da ke kan injin tana binsa. Ya yi kyau ga gonar ban-ruwa da filin da gangarensa ɗaya ne. A shekarun 1990 aka samu dabarar gyara siginar GPS nan take daga tasha a ƙasa, wadda take ba da matsayi da kuskuren santimita kaɗan, zuwa ƙarshen shekarun kuma aka soma ɗaura eriya a kan bakin buldoza. Caterpillar da Trimble sun kafa kamfanin haɗin gwiwa a kan wannan a 2002, Komatsu ta fitar da buldoza mai sarrafa bakinta da kanta tun daga masana'anta a 2013. Yanzu ragar alwatikar da aka zana a ofis ita ake loda wa injin kai tsaye.

Tambayar Monge ma ta samu mai amsa ta a hanya. Leonid Kantorovich na Leningrad ya sake tsara ta a 1942 ta yadda za a iya raba ƙasar gurbi ɗaya zuwa wurare da dama, abin da ya mayar da ita cikin irin lissafin rabon dukiya da ya kawo masa kyautar Nobel a 1975. Da wannan lissafi da 'yan'uwansa ne manhajoji irin su SITEOPS, wadda Bentley ta saya a 2014, da kayan inganta baje ƙasa da aka ƙara wa Civil 3D a 2021, suke aiki: a faɗa musu iyakar gangaren wurin ajiye motoci, da tsayin daɓen gini, da inda ruwa zai fita, su jarraba dubban tsari su kawo mai arha.

## Inda kuskuren ya koma

A tsohon tsari lamba ɗaya tana ratsa hannu da yawa: mai riƙe sandar awo, mai littafin fili, mai zane, mai duba zane, mai kafa turke, direban da ya shekara ashirin yana kallon ƙasa. Tsari ne mai jinkiri da yawan ƙananan kurakurai, amma babban kuskure da wuya ya wuce su duka. A sabon tsari, idan samfurin ƙasar asali ya karkace, duk abin da aka ɗora a kansa zai karkace tare cikin jituwa, jadawali ya fito da lambobi uku bayan ɗigo, injin kuma ya yanke kuskuren daidai da santimita.

Wannan ya shafe mu ta hanyoyi sanannu. A Fabrairun 2000 kumbon Endeavour ya kwana 11 yana auna tsayin mafi yawan doron duniya da rada, aikin da aka sani da SRTM, a 2014 kuma aka saki bayanan Afirka masu gidan mita 30 kyauta. Alheri ne ga mai nazarin farko. Sai dai kuskurensa na tsayi mitoci ne, yana karanta saman itatuwa da rufin gidaje a matsayin ƙasa, kuma hoton shekarar 2000 ne, kafin a gina unguwanni da yawa. Lambatu kuwa yakan yi aiki da gangaren rabin mita a cikin mita 100. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin ta kwarin Haɗeja, kuskuren bayanan ya ninka gangaren da ake zanawa sau da yawa, manhaja kuma za ta zana kyawawan layukan daidai-tsayi daga cikinsa ba tare da ta yi ko tari ba.

Sai batun mafarin awo. Tsofaffin taswirori da turakun safiyo na Nijeriya a kan ma'aunin Minna suke, GPS kuwa a kan WGS 84 take, tazarar da ke tsakaninsu gomman mitoci ce. Tsayin da GPS take bayarwa ma daga wata lissafaffiyar siffar duniya take auna shi, wanda ya bambanta da tsayi daga matakin teku da wajen mita 20 a wannan yanki, bambancin kuma yana sauyawa daga wuri zuwa wuri. Ruwa matakin teku yake bi. Haɗa fayil biyu masu mafari daban a zane ɗaya abu ne na daƙiƙa biyar, kuma allo ba zai nuna alamar komai ba. Haka nan baƙar lakar yankin Tafkin Chadi, mai kumbura da damina ta tsage da rani, launinta ɗaya da jar marmara a cikin ragar alwatika.

Na ƙarshe ya shafi aljihun jama'a. Ana biyan aikin ƙasa ne da kubik mita, wato bambancin fuskar ƙasa kafin aiki da bayansa. Fuskar bayan aiki tana nan, kowa yana iya zuwa ya auna ta ko bayan shekara goma. Ta kafin aiki kuwa, ranar da buldoza ta wuce ta tafi ke nan, fayil ɗin kaɗai ya rage shaida. A kan hanya mai kilomita 50 da faɗin aiki mita 30, ɗaga wannan fuska da santimita 10 kacal a wuraren yanka, ko saukar da ita a wuraren ciko, yana haifar da kubik mita 150,000 da ba wanda ya ɗauka. Shi ya sa kwangilolin da aka rubuta da hankali suke wajabta awon haɗin gwiwa kafin injin farko ya shiga, wakilin mai aiki da na ɗan kwangila su auna tare, su ɗaure awon a jikin turakun siminti da aka san tsayinsu, su sa hannu, kowane ɓangare ya tafi da kwafinsa. Jirgi marar matuƙi yana iya ɗaukar kilomitoci a yini ɗaya yanzu, ya ba da ɗigogi miliyoyi, amma shi ma sai an shimfiɗa masa alamomi a ƙasa waɗanda mai safiyo ya auna da ƙafarsa, an kuma ware wasu daga cikinsu ba a nuna wa manhajar ba, domin a gwada amsarta da su.